Labarin birkin baya daga Jamus

Assalamu alaikum Yaya. Ya aiki, ya iyali? Ka tambaye ni yadda harkar kayan mota take a nan, to bari in ba ka labarin birkin motata.

Kalifar baya ta hagu ce ta cije, wato ƙarfen nan da ke matse birki a kan faifai, taya na zafi har da ƙauri. Na yi odar sababbi guda biyu ta intanet, ba na kamfanin motar ba, kuma sun fi na asali kauri. Kwana biyu suka iso. Abin da ka saya ta intanet a nan doka ta ba ka kwana 14 ka mayar, ga garantin shekara biyu a kan sabon kaya. Wannan kam sun fi mu. Amma bakanike da awa yake lissafin aikinsa, kuma sai an ba ka rana. Shi ya sa na kama haya a irin garejin da ake ba ka injin ɗaga mota da kayan aiki, kai ka yi da hannunka.

Ɗaurin bai ba ni wuya ba. Sai da na mayar da rim ɗina mai inci 16, na juya taya da hannu, na ji ƙiii. Na cire, sai ga zane mai ƙyalli a fuskar kalifar. Na manna mata lakar wasan yara a sama da gaba, na mayar da rim na sake cirewa. Wuri biyu ke taɓawa. A sama, ƙarafan balansin da aka liƙa a cikin rim ne ke gogar ta, su kuwa mai taya ya matsar da su ya sake balansin. A gaba, hannuwan rim ɗin sun matse lakar har ta tsage.

Wallahi Yaya, abin da ya fara zuwa raina shi ne injin gurza ƙarfe, yadda muka saba. Wani dattijo da ke gyaran tasa motar a gefena ya riƙe hannuna. Ya nuna mini da yatsa inda man birki ke bi a cikin jikin kalifar, ya ce kaurin nan shi ke riƙe matsin man. Ya ce a bar aƙalla milimita 3 ko'ina, domin ƙarfe na buɗewa da zafi, rim kuma na ɗan lanƙwasa a kwana. Na so in sayi rim mai inci 17, sai na gane faɗi ba zai raba ni da matsalar ba, tunda siffar hannuwan ce da lambar ET, wato zurfin zaman rim a kan hob, inda ake ɗaure taya.

Sifesa mai milimita 5, wato faifan ƙarfe da ake sawa tsakanin rim da hob, na sa a kowane gefe, da ƙusoshin da suka fi na da tsawo da milimita 5. Nan nake jin tsoro idan na tuna yadda ake cusa wosha, ƙananan zobban ƙarfen nan, a bayan taya a ɗaure da tsohuwar ƙusa. Ƙusa M14, wato mai kaurin milimita 14, mai zare 1.5 tana son juyi bakwai da rabi a cikin hob kafin ta kama.

Kalifar da sifesar duk da takardunsu suka zo, an rubuta motocin da suka dace da su. Na kai motar TÜV, masu duba lafiyar motoci a nan, injiniya ya haska fitila ta tsakanin hannuwan rim, ya hau da ita kan abin gwajin birki, sannan ya sa hannu. Ba don haka ba, izinin hawa titi na iya faɗuwa. Ya kuma duba kada birkin baya ya fi ƙarfin na gaba, don in baya ta riga kamawa mota juyawa take.

Duk da haka ina kewar kunnenka. Kai da jin ƙarar nan ka san wurin, ni sai da na ci awa uku ana lissafa mini haya.

Don Allah ka gaya wa yaran gareji, fistin ɗin baya mai haɗe da hambirki murɗa shi ake yana shiga, ba a danna shi da ƙarfi. Bakin fitar da iska na kalifa kuma sama yake kallo. In ya kalli ƙasa an musanya hagu da dama, iska ba za ta fita ba. Na saya maka abin murɗa fistin ɗin da ma'aunin milimita, suna nan tafe da mai zuwa. A gaida Umma.