Gidan Makama ko gidan tarihin Kanta na Argungu?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: wanda ya riga ya ga Gidan Makama a Kano, akwai abin da zai ƙaru da shi idan ya niƙi gari har Argungu don ƙaramin gidan tarihin Kanta? Malam, akwai, kuma ina roƙonka ka je.

Gidan Makama ya girme shi nesa ba kusa ba. Asalinsa tun ƙarni na 15 ne, zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. A ciki za ka ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari da hotunan zuwan Turawa a 1903, an jera komai da bayaninsa a rubuce. In ɗalibai za ka kai, nan ya fi sauƙi, ga shi dab da fadar sarki, a tsakiyar birni.

Na Argungu kuwa tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Sunan Muhammadu Kanta ta ci, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya yi zamansa a Surame. Kayan ba su kai na Kano yawa ba, amma na gida ne: masu, takubba, kwari da baka, tambura, har da layun da mayaƙa suka ɗaura. Sarakunan Argungu da suka rasu ma a harabar suke kwance. Shi ya sa mutum yake rage murya in ya shiga, ba tare da an ce masa ya yi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kayan kamun kifi. Ka duba homa da gora a ajiye, ka fito ka gangara kogin Matan Fada, sai ka tarar da irinsu a hannun masunta, jiƙe sharkaf. Bikin kamun kifin da ake yi a wurin tun 1934 ya samo asali, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Irin makaman wannan gabar ne ka gani a ciki.

In ka tashi, ka ware yini guda, kada ka yi shi a kan hanya. Ka zauna da mai zagayawa da baƙi ka yi ta tambaya, domin yawancin labarin a bakinsa yake.