Raunin zuciya mai tsanani: allurar ƙasar waje ko magungunan asibiti?

Lokacin da ƙafar majinyaci ta kumbura har tana lotsawa in an danna, barci kuma ya gagara sai an jingine shi da matashi uku, a nan dillalan jinyar ƙasar waje ke samun shiga. Bidiyo zai shigo ta WhatsApp: a kai shi Indiya ko Dubai, a yi masa allurar ƙwayoyin halitta na tushe, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu ƙwayoyin jiki, zuciya ta dawo sabuwa. Kafin a sa gona a kasuwa, a tsaya.

Allurar nan har yanzu gwaji ce. Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ba ta amince da ita a matsayin maganin raunin zuciya ba. Wani gwajin irin wannan allura mai suna DREAM-HF, da aka wallafa a 2023, mai mutum sama da 500, bai rage yawan komawa gadon asibiti ba, duk da an ga alamun da suka sa bincike bai tsaya ba. A 2018 kuma Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardu 31 na wani shahararren ɗakin bincike a fannin, saboda sakamakon ƙarya.

Magungunan da suka tabbata huɗu ne ake haɗawa: lisinopril ko Entresto, carvedilol ko bisoprolol, spironolactone, sai dapagliflozin. Ƙara spironolactone a kan sauran magani ya rage mace-mace da kashi 30 cikin 100 a wani gwaji na 1999. Mutanenmu sun fi riƙe Lasix, don shi ke saɓe kumburi a ga sauƙi da ido, amma ruwa kawai yake cirewa. Wahalar waɗannan huɗun ita ce kullum ake sha, ga gwajin ƙoda a kai a kai, kuma wasunsu ba na mai ciki ba ne.

A ganina, kuɗin farko ya tafi ga hoton zuciya na eko wajen likitan zuciya, a Asibitin Koyarwa na ATBU da ke Bauchi ko na Tarayya da ke Gombe, a gano musabbabi. Sau da yawa hawan jini ne. In maijego ce, mai raunin zuciya na bayan haihuwa da ya yawaita a Arewa, a dakatar da kunun kanwa, a rage gishiri; da yawa suna farfaɗowa da magani.

Dashen zuciya ko na'urar taimaka mata na wanda magani ya gaza masa ne, kuma likita ke yanke wannan.

In dillali ya matsa, a nemi lambar rajistar gwajin da takardar asibitin, a kai wa likitan da ke duba majinyacin kafin a tura ko sisi.