Karin kumallo a tsibirin Yas: na otal ko na kafteriya?

Hajiya, kin ce a hutun watan Agusta za ku je Abu Dhabi, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ke da maigida da yara uku da Hajiya Babba, ku yi kwana uku a tsibirin Yas don yara su shiga wuraren wasa. Otal ya ba ki farashi biyu, ɗaya da karin kumallo ɗaya babu. Kina son sanin ko kuɗin da aka ɗora ya cancanci a biya, ko kuwa gara ku riƙa neman abin karyawa a waje. Na ga kuma wasu sun ce miki ku bari sai kun shiga wurin wasan ku ci a can.

Wannan shawarar ta ƙarshe a ajiye ta gefe. Ferrari World da Warner Bros. World da Yas Waterworld da SeaWorld duk ba sa buɗe ƙofa kafin wajen ƙarfe 10 na safe, kuma abincin da ke ciki na rana ne: burga, fiza, soyayyen dankali, kaza. Ga tsada. Sa'ar farko bayan an buɗe ita ce lokacin da layi bai yi tsawo ba, ita ce kuma mafi daraja a cikin tikitin da kuka saya. Wanda ya ɓatar da ita yana jiran a soya masa dankali ya yi asara biyu. Ba a kuma barin a shiga da abincin waje, in ban da na jarirai ko na mai larura, balle ki ce za ki cusa burodi a jaka. Yas Mall, wadda ke manne da Ferrari World, matsalarta ɗaya da su: yawancin shagunanta sai ƙarfe 10. Saura hanya biyu ke nan na gaske, teburin otal da kafteriyar unguwa, sai wata ta uku da zan kawo daga baya.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ya jawo tambayar. A manyan otal-otal na tsibirin, idan ba a haɗa karin kumallo da kuɗin ɗaki ba, a ce babba ya biya dirhami 100 ba abin mamaki ba ne. Yawancin otal suna barin ƙananan yara su ci kyauta, 'yan shekara 6 zuwa 12 kuma rabin kuɗi. Ki ɗauki misali: manya uku 300, yara uku a rabin kuɗi 150, dirhami 450 ke nan a safiya ɗaya. Dirhami a ɗaure yake da dala, 3.67 kan dala ɗaya, saboda haka kina maganar dala 120 da 'yan kai. Ki duba kuma ko an saka harajin VAT na kashi 5 cikin ɗari da kuɗin hidima a farashin da aka nuna miki, don wani lokaci sai an kawo takarda ake ganinsu.

A kafteriya kuwa, kofin shayin karak dirhami 1 ne ko 2. Farata, wani burodin Indiya mai faɗi, da ƙwai 'yan dirhamai ne. Ku shida za ku ci ku ƙoshi, ku yi guzurin ruwa, ba ku kai 100 ba. In a nan aka tsaya, ai babu ma gasa.

Sai dai kuɗin abinci ba shi ne duka kuɗin ba. Yas tsibiri ne da aka gina don baƙi: otal, filin tseren motoci, kantuna, wuraren wasa. Kafteriyoyin da nake magana suna inda ma'aikata da mutanen gari suke zaune, irin su Shahama da Bahia da Khalifa City, duk a wajen tsibirin. Motar Yas Express da ke ɗaukar mutane kyauta aikinta zagaya tsibirin ne, ba za ta kai ku can ba. Tasi a Abu Dhabi mafi ƙarancin kuɗinta dirhami 12, tafiyar nan kuwa ta fi haka, kuma ku shida ƙaramar mota ɗaya ba za ta ɗauke ku ba, sai biyu ko babba. Zuwa da dawowa, kin ga rarar da kika yi ta fara zaizayewa. Duk da haka kafteriya ce mai sauƙi, amma tazarar ba ta kai yadda ta fara bayyana ba.

Inda otal yake cin galaba shi ne lokaci, kuma a nan nake so ki tsaya ki yi lissafi da kyau. Abu Dhabi ta riga Najeriya da Nijar da awa 3. Ƙarfe 7 na safe a can, jikin yaranki yana ƙarfe 4 na asuba ne. A kwanakin farko ba za su tashi da wuri ba, in ma kin tashe su ba za su ji yunwa ba, sai kuka da ƙunƙuni. Cikinsu zai buɗe ne wajen 9, daidai lokacin da ya kamata a fara shirin fita. A otal, saukowa kawai za ku yi, wanda ya shirya ya riga sauka, wanda ya makara ya tarar. Yawanci ana ajiye abinci daga wajen 6:30 har 10 ko 10:30. Maigida da Hajiya Babba da suka tashi tun asuba za su iya karyawa da wuri su koma su kishingiɗa, ke kuma ki sauko da yara daga baya. A kafteriya dole kowa ya yi wanka ya shirya a fita tare, a zafin Agusta da ke haura digiri 40, ga gumi mai danƙo saboda teku. Tun ƙarfe 8 rana ta riga ta yi ƙarfi. Tsohuwa da yara uku a bakin titi ana jiran mota, tun ba a je wurin wasan ba an gaji.

Ta fuskar daɗin abinci kuwa, ni dai kafteriya na ba wa. Ita ce mai shayin ƙasar: 'yar ƙaramar rumfa mai teburi biyu ko uku, yawancin masu ita mutanen Kerala ne daga kudancin Indiya, mota kan tsaya a ƙofa ta danna ham, yaro ya fito da gudu ya karɓi oda. Shayin karak ana dafa shi ne da madarar gwangwani da sukari da kayan ƙamshi har ya yi kauri ya yi ja, a zuba a ɗan kofin takarda. Farata kuma a gabanki za a ɗauko curin ƙullun da ya sha mai, a buga shi a kan faranti, a shimfiɗa a kan baƙin ƙarfe mai zafi, a fasa ƙwai a kai, a shafa cuku, a naɗe cikin takarda. Akwai wadda ake murmushe soyayyen dankalin leda na Chips Oman a ciki da ɗan yaji. Kada ki raina ta, yara suna rububinta. In an dace da masu dosa da idli, nan ma akwai abin ci mai sauƙi a ciki, don da shinkafa da wani irin wake ake yin su. A gidan burodin Larabawa kuma akwai manakish, burodi mai faɗi da ake gasawa nan take da za'atar, wato garin ganye mai ƙamshi da riɗi, ko da cuku.

Teburin otal ba ya rasa abinci, yawa ma ya yi masa. Za ki tarar da ful, wato dafaffen wake da man zaitun da lemun tsami, da shakshuka (ƙwai a miyar tumatir), da humus (niƙaƙƙen wake da riɗi), da zaitun, da dabino, da 'ya'yan itace, da mai soya ƙwai a tsaye yana jiran ki faɗi yadda kike so. Amma abinci ne da aka dafa don ya yi wa kowa, Bature da Balarabe da Ba'indiye, shi ya sa ba ya da kaifi. Ki saka ɗan yajinki a jaka. Amfaninsa na gaske ga Hajiya Babba yake: in tana kiyaye sukari ko gishiri, a can za ta samu dafaffen ƙwai da kokwamba da nono marar zaƙi da shayin da za ta haɗa da kanta. Karak kuwa da sukarinsa ake dafa shi a tukunya ɗaya, sai an roƙa musamman kafin a yi marar zaƙi.

Batun halal bai kamata ya tayar miki da hankali ba a ɓangarorin biyu. Naman da ake sayarwa a ƙasar na halal ne, sai wuraren da aka ba izini na musamman. 'Yan otal ɗin da ke ajiye naman alade a gefe guda suke ware shi da rubutu a kai. Siraran naman nan da tsiran Turawa da za ki gani a tebur galibi na sa ne ko na kaza ko talo-talo. Ki karanta ɗan katin da ke gaban kowane kwano, shi ke nan.

Akwai wani abu da teburin otal ke jawowa: tunda an biya, kowa sai ya ce sai ya fanshe kuɗinsa. Ranar Ferrari World ki hana su. Formula Rossa, lilo mai gudu a kan dogo da ke can, tana kaiwa gudun kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 5, har tabarau ake ba masu hawa saboda iska. Wanda ya cika ciki da ful da wainar ƙwai da madara ya hau wannan, shi da na kusa da shi za su yi bayani. Ranar nan a ci kaɗan, a gama aƙalla awa ɗaya kafin a fara hawa manyan lilo. Haka ma ranar Yas Waterworld. Ranar SeaWorld, inda yawancin abin kallo ne da tafiya a ƙafa, a ci a ƙoshi.

Hanya ta uku, wadda ba ki tambaya ba, ita ce ɗaki mai kicin. Akwai irin waɗannan masaukai a tsibirin da kewayensa. Daren da kuka sauka a shiga babban kantin Carrefour da ke cikin Yas Mall a sayo burodi, ƙwai, madara, ayaba, ganyen shayi da katan ɗin ruwa. Ki taho da garin kunun gyaɗa ko na tsamiya daga gida, a cikin leda mai hatimi da suna a jiki. Tsohuwar da ta saba da kunu da safe, kwana biyu ana ba ta burodin Faransa za ki ga fuskarta ta canza, ko ba ta ce komai ba. Ko a ɗakin otal na yau da kullum akwai butar dafa ruwa, ta isa a dama kunu a zuba a filas. Aibin wannan hanyar ɗaya ne, kuma ke zai faɗa wa: kin je hutu kin koma kicin. In maigida ba mai taɓa tukunya ba ne, ki yi tunani sau biyu.

Sannan ga Talabat da ire-irenta, masu kawo abinci a babur. Da su za ki iya cin kafteriya ba tare da kin shiga tasi ba. Ki yi oda tun kina shirya yara, ki sauka ƙasa ki karɓa, don otal da yawa ba sa barin mai kawowa ya hau sama. Farata ba ta jure jira, in ta huce ta yi tauri, saboda haka ki zaɓi shagon da ya fi kusa, ba wanda ya fi suna ba.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi. In bambancin farashin nan biyu da otal ya ba ki, idan kin raba shi da kwanaki, bai wuce abin da tasi biyu da abincin kafteriya za su ci ba, ko ya ɗara da kaɗan, ki karɓi mai karin kumallon tun yanzu. Wanda aka haɗa da kuɗin ɗaki kusan kullum ya fi sauƙi a kan wanda za a biya a ƙofar ɗakin cin abinci. Ki tambaya kuma ko farashin ya haɗa da tikitin wuraren wasa, don otal-otal ɗin tsibirin suna da irin wannan tsarin, kuma rangwamen da ke ciki ya fi na abinci nesa. In kuwa bambancin ya kai irin dirhami 450 ɗin nan a kullum, ki bar shi, ki haɗa kunu da oda.

Safiya ɗaya dai, ranar da ba ku da wurin wasa ko ranar komawa, ku nemi karin kumallon mutanen ƙasar. Ki ce a kawo balalit, siririyar taliya mai zaƙi da za'afaran da aka ɗora wa wainar ƙwai, da cabab, wata lallausar waina mai faɗi da ake ci da cuku da zumar dabino, da burodin rigag mai sirantaka kamar takarda. Al Fanar da ke Yas Mall tana yin irin wannan abincin, kuma tunda ba sauri kuke yi ba, buɗewar ƙarfe 10 ba za ta dame ku ba.

Kafin ki biya, ki rubuta wa otal ɗin ki tambaye su ƙarfe nawa suke kwashe abinci, daga shekara nawa yaro yake fara biya, kuma mutum nawa karin kumallon ya ƙunsa a kowane ɗaki. Sau da yawa na mutum biyu ne kawai, ko da ku uku ne a ɗakin. Ki sa su ba ki amsar a rubuce, ki ajiye ta a wayarki don ranar da za ku karɓi makulli.