Ram marar mantuwa da na saya wa sabar ofishinmu a Gombe

Wata tara ke nan ina amfani da Optane, ram ɗin nan ta Intel da ake cewa ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta. Da a makon farko na watan Mayu aka tambaye ni, da na ce a zuba ta a kwata. Yanzu zuciyata ta ɗan huce, zan iya faɗin abin da ke nata da abin da ke na wanda ya sayar mini.

Ɗan ofis gare ni a Gombe, saba ɗaya muke da ita, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu aiki ta intanet, a cikinta nake yanka ƙananan kwamfutoci, wato VM, ina bai wa mutane haya. Akwai na wata makaranta mai ajiye sakamakon ɗalibai, akwai na wani kemis, sai babban kwastomana, wani Alhaji dillalin hatsi a Tudun Hatsi, wanda duk buhun masara da wake da riɗi da ya shiga sitonsa ko ya fita, da duk wanda ya ɗauki kaya bashi, yaransa a wajena suke rubutawa. Rumbun bayanansa PostgreSQL ne, kuma shi ne ya fara yi mini nauyi a kan tsohuwar na'urata. Da na tashi sauyawa na samu wani dila a Legas da saba ta hannu, mai furosesan Intel Xeon ƙarni na biyu guda biyu, ya ce akwai sandunan Optane masu gigabait 128 guda huɗu a ciki. Kuɗin kun san yadda yake, ba sai na tayar wa kaina da hawan jini ba. Abin da ya ja ni shi ne maganarsa: "Oga, wannan ram ce amma kamar faifan ajiya na kwamfuta take, ko wuta ta tafi kayanka na nan." Duk wanda ke zaune a garin nan ya san abin da wannan magana za ta yi wa zuciyar mai saba.

Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Abin a ramin DDR4 ake soka shi kamar sauran ram, saurinsa bai kai na ram ta gaske ba amma ya yi wa faifan ajiya na SSD fintinkau, kuma yana riƙe abin da aka rubuta masa ba tare da wuta ba. Sai dai hanya biyu ake kunna shi. Hoton da dilan ya turo mini, wanda ke nuna ram ta kusan gigabait 512 har na riƙa nuna wa abokai, na yanayin da suke kira Memory Mode ne, kuma a wannan yanayin na'urar tana ɗaukarsa a matsayin ram ce kawai: da an kashe, komai ya tafi. Wanda ke riƙe bayanai shi ne App Direct. Wannan na gano da wuri, na kira shi, ya ce ba damuwa, yaronsa zai shigo ta intanet ya juya mini shi, ya kuma haɗa wa VM ɗin Alhaji nasa kason. Yaron ya shigo da daddare, ya yi 'yan dabarunsa, da safe na ga VM ɗin tana ganin wani faifai mai suna pmem0, rumbun Alhaji ya koma kai, rahoton ƙarshen wata da kan ɗauki minti biyu ya dawo 'yan daƙiƙu. Na yi masa godiya har da ɗan na goro. Ban duba abin da ya yi a ƙasa ba, kuma wannan laifina ne, na ɗauka.

Wata uku lafiya lau. Sai hadarin farkon damina.

Ranar Alhaji yana fitar da masarar da ya ɓoye tun kaka, motoci na lodi tun safe, yaransa biyu suna ta shigar da lissafi. Wajen la'asar iska ta taso, aka ɗauke wuta. Ba sabon abu ba ne, inbata ce ke karɓa. To batiran sun riga sun gaji da zafin Maris da Afrilu, ni kuma ina ta ɗaga sayen sababbi, ga shi yarona mai tayar da janareta ya tafi masallaci. Ba su yi minti shida ba suka sauke. Sabar ta mutu ɗif, tana tsakiyar aiki. Ina tuna ko gezau ban yi ba. Har na ce wa ƙanina da ke zaune, yau za mu ga amfanin kuɗinmu.

Aka tayar da janareta. VM ɗin makaranta ta tashi, ta kemis ta tashi, su da ke kan SSD na gargajiya. Ta Alhaji, wadda na kashe wa kuɗi don kada irin wannan ta same ta, ita ce rumbunta ya ƙi buɗewa. PostgreSQL na ta kukan cewa kundin da yake rubuta kowane ciniki kafin ya tabbatar da shi ya lalace, bai san inda zai ɗora ba. Na gwada abin da na sani har bayan isha'i. Wayar Alhaji ta shigo sau huɗu. A ta huɗun ya ce, "Malam, ni ba na jin turancin nan naku. Mutum goma sha sun ɗauki kaya yau, waye ya biya waye bai biya ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri zuwa safe." Ya yi shiru, irin shirun da gara a zage ka, ya kashe.

Abin da ya cece ni kwafin ajiyar daren jiya ne da nake turawa wani faifai daban, al'adar da na kusa dainawa saboda na yarda da sabuwar ram. Na dawo da shi, amma cinikin ranar gaba ɗaya babu. Washegari ni da yaran Alhaji muka zauna a gaban sito a kan buhuna, da ɗaurin rasit da littafin mai awo, muna shigarwa ɗaya bayan ɗaya. Rasit uku ruwa ya taɓa su. Mutum ɗaya daga Kumo ya ce ya biya rabi, littafi bai nuna ba, sai da aka yi rantsuwa. Kunyar da na ji a ranar ba zan iya kwatanta ta ba, kowa ya wuce sai ya leƙo ya ga "mai kwamfuta" yana lissafi da biro.

Da na samu kaina na zauna na bi abin da yaron dilan ya yi, a nan na ga ɓarnar. Ya ƙirƙiri fayil a kan Optane ɗin, ya miƙa wa QEMU, manhajar da ke gudanar da VM ɗin, a matsayin ram marar mantuwa ta VM. Amma da ya ɗora faifan a kan babbar na'urar bai saka zaɓin dax ba, wanda ke sa rubutu ya sauka kai tsaye a Optane, kuma a layin QEMU babu pmem=on. Ma'anar wannan ita ce, duk abin da VM ta rubuta ba kai tsaye yake sauka a Optane ba, yana tsayawa ne a ram ta yau da kullum ta babbar na'urar, sai Linux ya ga dama, bayan wajen daƙiƙa talatin, ya kwashe ya kai. Ita VM ba ta san da haka ba. An gaya mata ma'adana ce mai riƙo, tana yin duk abin da ya kamata, tana ba furosesa umarnin ya turo abin da ke kash ɗinsa, wato ɗan ma'ajinsa na wucin gadi, ta ce wa PostgreSQL an adana, shi kuma ya ce wa yaron Alhaji an adana. Kamar ka ba ɗan aike kuɗi ya kai banki, ya rubuta maka rasit da hannunsa alhali kuɗin na aljihunsa. Kuma ba asarar daƙiƙa talatin ɗin ce ta kashe ni ba. Shafukan ba bisa tsarin da aka rubuta su suke sauka ba, wani na baya ya riga na gaba, shi ya sa rumbun ya tashi da rabin magana nan rabi can. Abin haushin, takardun QEMU sun faɗi wannan ƙarara, har da zaɓin unarmed da ake kunnawa don a sanar da VM cewa kada ta dogara da ma'adanar idan ba a cika sharuɗɗan ba. Ko ɗaya yaron bai yi ba. Na kira dilan, ya ce ai shi kaya ya sayar mini, saitin kyauta aka yi mini. Kyautar da ta kusa raba ni da kwastoman da ke biyan kuɗin hayar ofis.

Gyaran bai ɗauki awa biyu ba. Na sake yanka wurin da ndctl, manhajar saita sandunan, a yanayin fsdax, na yi masa tsarin fayil na XFS, na ɗora da dax, na saka share=on da pmem=on. Da waɗannan, a kan Linux daga 4.15 zuwa sama, akwai abin da ake kira MAP_SYNC da ke tabbatar da cewa bayanan tsarin fayil ɗin ma sun sauka kafin a bar VM ta yi rubutu. Daga nan abin da ya rage aikin na'urar ne: idan wuta ta yanke, akwai tsarin ADR da ke amfani da ɗan ragowar cajin da ke cikin fawa saflai ya tura abin da ke layi a mai kula da ram zuwa cikin Optane. Kash ɗin furosesa ba ya cikin wannan alkawarin a irin tawa, sai a Xeon ƙarni na uku aka kawo eADR da ya haɗa har da kash ɗin, saboda haka dole manhaja ta turo da kanta. Kuma abin da aka lamunce zai sauka a dunƙule bait 8 ne kacal, shafin PostgreSQL kuwa kilobait 8 ne, don haka duk mai ce maka ka kashe full_page_writes, saitin da ke kare shafi daga saukar rabi da rabi, don ƙarin sauri, ka bar shi da shawararsa.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Daren Juma'a, na kwafe komai, na rubuta ɗan shiri da ke zuba cinikin ƙarya cikin rumbun yana buga lambar duk wanda aka tabbatar a kan laftof ɗina, na miƙa hannu na fizge wayar wutar. Ƙanina ya ce, "Yaya, wai lafiya kake?" Sau goma sha biyu na yi. Kowane karo rumbun ya tashi, kuma lambar ƙarshe da laftof ta nuna tana ciki. Ban rasa ko ɗaya ba. A nan gaskiya na sara wa abin. Na duba lafiyar sandunan da ndctl, yanayin kashewar yana nuna an sauka lafiya. Tun daga lokacin wuta ta yanke mana ba shiri sau biyu kafin in sauya batira, Alhaji bai ma san an yi ba.

To da a nan zan tsaya da na ce ku saya. Amma duk lokacin da na fara yabonta sai in tuna wani abin da dilan nan bai gaya mini ba. Intel ta sanar tun watan Yulin 2022 cewa ta rufe harkar Optane, Micron da suka ƙirƙiro fasahar 3D XPoint tare ta riga ta janye a 2021. Kayan da suka fito a 2019 ne, ba a ƙera sababbi, idan sanda ɗaya ta mutu sai dai in koma hannun irin su dilan nan. Sandunan biyu na kowane furosesa kuma a haɗe suke, ana raba rubutu tsakaninsu, ɗaya ta lalace duk yankin ya tafi, babu wani madubi kamar na RAID sai ka haɗa da kanka. Bayanan kuma a jikin wannan na'urar suke. Da VM ɗin kemis ce, in ɗauke faifanta in kai wata saba ba komai ba ne. Ta Alhaji kuwa in uwar allon ta ƙone, sai na nemo irin wannan Xeon ɗin, in mayar da sandunan bisa tsarinsu, ina addu'a. A Gombe wa zan buga wa ƙofa ya ara mini? Ko a Bauchi ban san mai ita ba. Ga zafi: kowace sanda tana jan wat goma sha, fankokin sabar a watan Afrilu kamar injin niƙa, esi kuma ba ya tafiya a kan inbata tawa.

Yanzu abin da nake yi, kundin cinikin PostgreSQL na Alhaji yana tafiya kai tsaye zuwa wata 'yar kwamfuta a gidana a Tumfure, kwafin dare kuma yana nan daram. Wato na dawo ina yin duk abin da na sayi Optane don in huta da shi, sai dai rahoto na fita da sauri. Saurin na gaske ne, yaran sito sun daina kirana suna cewa abin na juyawa.

In kana da wanda ya iya saitin, kuma za ka fizge waya ka gwada kafin ka ɗora kayan mutane, ka same ta da araha, ba zan hana ka ba. In kuwa SSD mai kyau irin ta saba, mai kafasito na kare rubutu, za ta ishe ka, ni da ita zan saya in ƙara batira da canjin. Maki uku cikin biyar zan ba ta, kuma na sandunan ne. Dilan har yau saƙona na ƙarshe yana nan ya karanta bai amsa ba, Alhaji kuma ya sa yaransa sun koma rubuta kowane buhu a littafi kafin su taɓa kwamfuta.