Zawon kare: abin da nake saya da abin da nake bari a kanta

Duk shekara kwana biyu bayan Babbar Sallah sai wayata ta fara ƙara, wai tunda ni ne mai karnuka a unguwa ni zan san abin da za a sayo wa kare mai zawo. Labarin kuma ɗaya ne kullum, an tula masa kitse da tumbi da ragowar kayan ciki, cikin da ya saba da ƙanzo da ragowar tuwo ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Ni dai karnukan gadi nake kiwo, na daɗe a harkar, na kashe kuɗi a kan tarkace iri-iri kuma na taɓa binne ɗan kwikwiyo saboda gangancina, don haka ga abin da nake saya da wanda ko kyauta aka ba ni ba na karɓa.

Na farko, kuma wanda na fi so nesa ba kusa ba, shi ne ORS, wannan dai garin gishiri da sukari na 'yar leda da ake dama wa yara. Mutane dariya suke idan na faɗa, wai maganin yara, toh ai abin da ke kayar da kare a zawo ruwan da ke zuba daga jikinsa ne da gishirin da ke bin ruwan. Sukarin da ke cikin garin shi ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi gishirin ya koma jiki, shi ya sa ya fi ruwa zalla aiki idan kare ya fara bushewa. Ga arha, kowane kemis na lungu akwai shi, ba ya buƙatar firij, kuma saboda arharsa masu jabu ba su cika ɓata lokacinsu a kansa ba, wannan ma ni a wurina babban maki ne. Yawanci leda ɗaya ta lita ɗaya ce, wato fiya wata biyu irin mai 50cl, amma karanta jikin ledar tukuna. Kar ka ce bari in yi shi da kauri ya fi ƙarfi, gishirin zai yi yawa ka ƙara masa matsala. Idan ka dama ya kwana ya wuni, awa 24 ke nan, zubar ka dama sabo. Wani yana zuwa a kwali ɗaya da ƙwayar zinc, wannan ta yara ce, ajiye musu abarsu.

Idan dare ya yi kemis ya rufe, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, a ruwa mai tsabta lita ɗaya. Ya yi maleji zuwa safe.

Yadda ake ba shi ma abin lura ne. Kare mai kilo 20 ko lafiyarsa ƙalau yana shan kamar lita ɗaya ko fiye a wuni, balle da zawo, balle a zafin watan Afrilu. Ni kwano biyu nake ajiyewa, ɗaya ORS ɗaya ruwa zalla, ya zaɓa. Idan ya ƙi sha sai in ɗauko sirinji mara allura in ɗaga leɓensa ta gefe in riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan yana haɗiya da kansa, ba a ɗaga masa kai sama a ɗura kamar ana ɗura wa jarka, ruwan zai tafi huhu. Bayan nan sai in kama fatar bayan wuyansa in ja sama in saki, idan ta koma nan take da sauƙi, idan ta tsaya a tsaye kamar an naɗe tsumma ko na taɓa dasashinsa na ji yana danƙo a yatsa, toh aikin ya wuce na gida, sai ƙarin ruwa a asibiti.

Na biyu ba a kemis yake ba, a kicin ɗinka yake. Babban kare za ka iya hana shi abinci kamar awa 12 cikin ya huta, ruwa dai kar a yanke, amma ɗan kwikwiyo ba a sa shi wannan azumin, sukarin jininsa faɗuwa yake da wuri. Sai farar shinkafa a dafa ta yi luguf, kashi biyu shinkafa kashi ɗaya tsokar kaza dafaffiya ba fata ba ƙashi, idan kaza ta yi tsada dafaffen ƙwai ma ya yi. Ba mai, ba magi, ba yaji, kuma dan Allah ba albasa ba tafarnuwa, suna fasa ƙwayoyin jinin kare. Cokali ɗaya ko biyu na dafaffiyar kabewa yana taimaka wa kashin ya haɗe. A raba sau huɗu a wuni, idan ya daidaita a mayar da shi abincinsa a hankali cikin kwana biyu uku.

Sauran da ake ta ba juna shawara a majalisa ba zan ɓata musu lokaci ba. Flagyl, kowa shi yake fara ambata, alhali yawancin zawon ɓacin ciki da kansa yake tafiya, kuma idan ya yi yawa za ka ga kare yana tangaɗi kamar ya sha wani abu, bar wa likita ya auna. Kafso ja da yalo, ɓarnar kuɗi. Imodium yana tsayar da hanji ne ya riƙe dattin a ciki, wasu jinsunan karnukan ma har ƙwaƙwalwa yake taɓa musu. Panadol da ibuprofen da diclofenac kuwa za su iya kashe maka shi da hannunka. Madara ƙara zawon take. Lucozade da lemon kwalba sukari ne ya yi musu yawa.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan shi ne irin man nan da ake matsa wa kare a baki, kamar Pro-Kolin, akwai farar ƙasa ta kaolin a ciki da pectin da ƙwayoyin halitta masu amfani ga hanji, ko garin FortiFlora na kamfanin Purina da ake barbaɗawa a abinci. Na gaskiyar yana aiki, kashin ya fi saurin haɗewa. Haka maganin tsutsa irin su Drontal, idan kare ya daɗe ba a ba shi ba, don tsutsar ciki tana cikin manyan masu kawo zawo musamman ga ƙananan. Matsalar ita ce daga waje ake shigo da su, da tsada, kuma duk inda tsada take nan 'yan damfara suke kafa rumfa.

Ni wani mai babur ne ya koya mini hankali, kowa Dokta yake ce masa, gida-gida yake bi da jakar goyo. Na sayi ɗan kwikwiyo Alseshan baƙi wuluk, yara suka sa masa Duna, mutumin ya zo yi masa rigakafi. Har yau ina ganin yadda ya zaro 'yar kwalbar daga aljihun gaban jakar nan da ta sha ranar azahar, ba kula ba ƙanƙara, ya yi allurar ya rubuta kwanan wata a kati da biro ya karɓi kuɗinsa. Ban san cewa allurar rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta ba, kuma idan zafi ya dafa ta kusan ruwa ne kawai aka tsira wa kare. Duna na wata uku ya fara amai, ya ƙi abinci, sai zawo mai jini da wani irin wari da ko ka wanke wurin yana nan a hancinka. Na kira Dokta ya ce ai na yi rigakafi ba komai, ya sayar mini da wani man baki da rubutun kwalin duk ya dusashe, ranar ƙarewar aikin kuma takarda aka manna a kai. Kwana biyu ina ɗura ORS yana amayarwa. Ran na uku da na kai shi asibitin dabbobi likitar tana shinshina warin ta ce Alhaji wannan fabo ce, me ya sa sai yanzu? An sa masa ruwa amma bai kai magariba ba.

Fabo ɗin nan, wato parvovirus, tun 1978 ta bayyana a duniya, kuma ta fi kama 'yan kwikwiyo daga sati 6 zuwa wata 6, Alseshan da Rotwaila da Dobaman sun fi shan wahalarta. Duk son da nake wa ORS a nan ba shi da ta cewa, don abin da ba ya zama a ciki ba zai yi aiki ba. Saboda haka idan ka ga jini, ko kashi baƙi kamar kwalta, ko amai a kai a kai, ko kare ya kwanta ko baƙo ya shigo ba ya ɗaga kai, ko kana zargin ya ci maganin ɓera, ko ƙaramin kwikwiyo ne, ko zawon ya wuce kwana biyu, ajiye sirinjin ka nemi mota.

Yanzu ni kafin in sayi komai sai na juya kwali na duba lambar NAFDAC da lambar rukuni da ranar ƙarewa, kuma sai ta kwali ta yi daidai da ta jikin maganin, wadda aka buga da inji ba wadda aka liƙa ba. Idan akwai wurin kankarewa a tura lamba ta tes, a gaban mai shagon nake kankarewa. Ƙwaya tsirara a farar leda ba suna, a'a. Shagon da ya jera kaya a taga rana na dukansu, a'a, musamman masu ƙwayoyin halittar nan don zafi kashe su yake. Wanda ya ce shi likita ne ka tambaye shi rajistarsa da VCN, hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a Najeriya, na gaskiya ba ya fushi da tambayar. Rigakafi kuma ana farawa daga sati 6 zuwa 8 a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai kamar sati 16, sai na ga an ciro kwalbar daga sanyi da idona, sai kuma an ɓare tambarin jikinta an manna a katin. Mai sayar da kwikwiyo ya ce maka an yi masa komai, ce masa ina katin, ina tambarin.

Ƙwayar cutar fabo tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, sabulu da Dettol ba sa kashe ta. Kejin Duna sai da na kwashe dattin na wanke da Hypo, murfi ɗaya a murfi 30 na ruwa, na ƙona buhun da yake kwana a kai, na jefar da kwanukan, kuma sai da damina ta zagayo kafin na yarda na kawo wani, shi ma sai da ya gama allurarsa uku a gidan da aka haife shi.