Rumfar Baba Mai Kayan Ƙamshi a Kurmi, Inda Na Haɗo Yajin Jegon 'Yata

Da 'yata ta fari ta haihu a lokacin sanyin nan da ya wuce, ta dawo gida wanka kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Tun kafin suna na san aikin da ke gabana, wato yajin jego. A gidanmu ba a sayen wanda aka daka aka ƙulla a leda. Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, da hannunta take zaɓar citta ɗaya bayan ɗaya, kuma a gabanta na koya. Mutumin da take saye a wurinsa ya daɗe da rasuwa, sai wata maƙwabciyata ta kwatanta mini rumfar wani dattijo a Kasuwar Kurmi ta Kano. Zuwa yanzu na je wurinsa sau huɗu, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Wanda ya san Kurmi ya san lungunanta. Kasuwa ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma har yau akwai wuraren da mutum biyu ba sa wucewa a jere. Rumfar ba ta da allo, ba ta da suna. Kowa Baba yake ce masa, kuma tun kafin ki hango buhunan, ƙamshin kanumfari da kimba zai tarye ki.

Bayan mun gaisa ya ce, "Hajiya, na miya ne ko na jego?" Na ce na jego ne. Bai kai hannu kan komai ba, sai ya sake tambaya: "Mai jegon tana da hawan jini? Ko gyambon ciki?" Na yi shiru na ɗan lokaci, domin kuwa jininta ya hau a watan ƙarshe na cikin, har aka kwantar da ita kwana uku. Da na faɗa masa sai ya ce, "To, ki haɗa yajinki, amma ki rage gishiri, kanwa kuma ki bar ta gaba ɗaya." A gefensa ga jar kanwa nan a kwano, ta sayarwa ce, amma ya hana ni saye.

Wannan magana ita ta sa na riƙe shi. Mu da muka yi jego shekaru talatin da suka wuce, kunun kanwa muke sha safe da yamma, a yi mana wanka da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, wasu ma har kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi suke kwana. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, suka danganta abin da gishirin da ke cikin kanwa da kuma tsananin zafin nan. Na san mata biyu a unguwarmu ta da da suka tafi a cikin arba'in, a lokacin ana cewa sanyi ne ya shige su. Ungozomar asibiti ta riga ta gargaɗe mu, amma ban zaci zan ji irin wannan gargaɗi daga bakin mai sayar da kanwar ba.

Cittarsa ta Kaciya ce, busasshiya, tsagaggiya. Ya ɗauko ɗaya ya ɓalla mini: cikinta rawaya, da zare-zare, ba hudar ƙwari, ba gari yana zuba. Na ɗan tauna, zafin ya kama harshe nan take. Kuɗinta kuwa ya tayar mini da hankali. Ya ce tun da cutar nan ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023 abin ya rikice, kuma gaskiya ya faɗa, kowa ya ji a aljihunsa. Duk da haka na auni gwangwani uku, domin yajin jego ba citta ba yaji ba ne. Ita kuma na shaida aikinta da idona: lokacin laulayi, 'yar tawa ba abin da ke zama a cikinta sai ta sha ruwan ɗanyar citta ɗan kaɗan da safe, kuma likitarta ba ta hana ba.

A kan kanumfari ya koya mini abin da ban sani ba. Ya ce in danna da farce, idan mai ya ɗan tsatso to mai kyau ne. A gida kuma in zuba a ruwa: mai kyau zai nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda aka tatse mansa zai kwanta a saman ruwa. Na gwada, kusan duka suka tsaya. Maigida ya sha fama da haƙori a satin, na ba shi ƙwaya ɗaya ya danne a wurin, ya samu barci. Ba abin mamaki ba ne, man kanumfari yana kashe zafi, likitocin haƙori ma suna sa shi a cikon wucin gadi. Amma ramin yana nan, sai da ya je aka cike.

Ina tsaye wata yarinya ta zo, da alama amarya ce, ta ce a ba ta kanumfari mai yawa, ta gani a TikTok yana maganin sanyin mata idan aka jiƙa aka yi matsi da shi. Baba ya ce, "'Yata, na shayi zan ba ki. Wancan kada ki yi, ƙuna yake yi. Ki je a gwada ki a ba ki magani, ke da maigidanki." Ta ɓata rai ta wuce rumfar gaba. Ya bi ta da ido bai ce komai ba.

Sauran kayan na saya ba dogon zance: masoro mai ɗan wutsiya, citta mai 'ya'ya, fasaƙwari, tafarnuwa. Kimbarsa baƙa ce siɗik, mai maiƙo, ya tuna mini in babbaka ta a wuta in cire 'ya'yan saboda ɗaci. Hulba ma na karɓa, don kowa yana cewa tana kawo ruwan nono. Mai jego ta sha mako biyu ta daina, ta ce warinta yana fita a guminta har jaririn yana ɗauka. Nono ya zo sosai, amma ni a ganina yawan ba yaron ne dare da rana ya kawo shi, kamar yadda ungozoma ta ce.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba.

Kayan a buɗe suke, ga hazo, ga ƙurar ƙafafun mutane, ga ƙuda. Duk abin da na saya sai da na tsince, na wanke wanda ke wankuwa, na shanya. A zuwana na biyu na zura hannu ƙasan buhun barkono na ji danshi, na shinshina na ji warin fumfuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, fumfunar da ke kama barkono da gyaɗa tana fitar da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Na nuna masa, ya ce yaronsa ne ya ajiye buhun a ƙasa, ya janye shi gefe. Ban sayi barkono ranar ba.

Yajinsa na leda ma ban yaba ba. Na ɗanɗana, gishiri da dunƙule sun danne komai. Mutumin da ya hana ni kanwa bai kamata ya bar wannan a gaban rumfarsa ba, na kuma faɗa masa haka. Ya ce masu saye ne suke so. Haka man habbatus sauda da ke jere a ƙananan kwalabe, ba takarda, ba lambar NAFDAC, ba ranar da aka matse. Hadisin da ya ce akwai waraka a cikin habbatus sauda daga kowace cuta banda mutuwa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma na yi imani da shi. Don haka ne ma nake son in san abin da ke cikin kwalbar. Ƙwayar na saya, ina daka abina ina haɗawa da zuma.

Abin da ya fi damuna shi ne awo. Duk abin da aka tambaye shi, "ɗan kaɗan" yake cewa. Na ga wani bawan Allah mai ciwon suga ya sayi girfa leda guda zai riƙa dafawa yana sha kullum. Girfar mai kaurin ɓawo ce, irin wadda ta cika kasuwanninmu, kuma yawan shanta yana wahalar da hanta. Haka tafarnuwa da citta, idan suka yi yawa ga wanda ke shan maganin tsinka jini, suna iya sa zubar jini. Baba ya san kayansa, ya san hawan jini da gyambon ciki, amma nan iliminsa bai kai ba, kuma ba kowa ne zai je ya tambayi likita ba.

Yajin na daka shi a turmin gida, ni da ƙanwata, muka tankaɗe sau biyu, gishirin da bai fi cokali ɗaya ba. Da shi ta ci farfesun kaza da na ƙafar sa, da tuwon dawa miyar kuka har ta yi arba'in. Kunun gyaɗa da na tsamiya ta sha a madadin na kanwa, aka yi wankan da ruwa mai ɗumi. An auna jininta sau uku a cikin kwanakin, yana sauka. Ranar komawarta na cika mata kwalba biyu, ɗaya tata ɗaya ta surukarta.

Mai son zuwa ta je da hantsi kafin kasuwa ta cika, ta riƙe mazubinta mai murfi, ta sayi komai ɗanyensa ba dakakke ba, kuma ta zura hannu har ƙasan buhu. Ni kafin azumi zan koma, kanumfarin kunu ya kusa ƙarewa, zan kuma duba ko an ɗora buhunan barkonon nan a kan katako.