Pillow ko libvips: da wanne za a rage hoto?

Duk mai gina manhajar saye da sayarwa a Birnin Kebbi, inda dillalan shinkafa ke ɗora hoton buhu daga waya, dole ya fitar da ƙaramin hoton da mai saye zai fara gani. In ba haka ba, data ta ƙare shafi bai buɗe ba. Pillow da libvips, kayan aikin sarrafa hoto da masu rubuta manhaja ke amfani da su, duk suna wannan aikin.

Pillow na Python ne, wato wani yaren rubuta manhaja, sauƙinsa kuwa ba a magana. Ka buɗe hoto, ka kira umarnin thumbnail da girman da kake so, ka adana. Tsawo da faɗi tare suke raguwa, buhu ba ya komawa siriri. Matsalarsa cin ƙwaƙwalwar kwamfuta (RAM). Hoto mai ɗigo (pixel) 4000 da 3000, idan Pillow ya warware shi duka, megabayit 48 ne. In hoton nau'in JPEG ne, yana iya rage shi tun wajen karantawa, amma in PNG ne sai ya kwashe shi gaba ɗaya. Sannan bai damu da alamar EXIF mai nuna yadda aka riƙe waya ba. In ba ka kira umarnin exif_transpose mai miƙar da hoto ba, sai ka ga buhu a kwance.

Shi libvips kaɗan-kaɗan yake karanta hoton yana ragewa, ya kuma miƙar da shi da kansa. Masu rubuta manhaja da Node.js ta hanyar wani kayan aiki mai suna sharp suke amfani da shi. Koyonsa dai ya ɗan fi wuya.

Ga ƙaramin shago, Pillow ya wadatar. Amma ranar bikin kamun kifi na Argungu, hotuna na ta shigowa kan ƙaramar saba (kwamfutar da ke ɗauke da manhajar) mai arha, ni libvips zan ɗauka.